Ɗalibin gini ya taɓa laka kafin a ba shi digiri

A damanar da ta wuce ɗakin wata maƙwabciyata, dattijuwa mai riƙon jikoki huɗu, ya zube bayan ruwan dare. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji ciwo, domin tun da bango ya fara tsagewa ta kwashe yaran zuwa zaure. Da safe maƙwabta suka taru, a cikinmu har da ɗan ƙanena wanda yake shekara ta uku yana karatun injiniyan gine-gine a wata babbar makaranta. Na tambaye shi abin da ya ka da ɗakin. Ya yi mini bayani a kan nauyi da ƙarfin ƙasa, bayani mai tsari wanda na tabbata zai ci maki a takardar jarrabawa, amma bai iya nuna mini wurin da ɓarnar ta fara ba.

Wani tsohon magini na unguwarmu ya zagaya kangon sau ɗaya, ya tsuguna ya tona gindin bangon da yatsa, sannan ya kira yaron ya ce: "Ɗana, zo ka gani. Indararon nan gajere ne, shekara da shekaru yana zuba a gindin gini, ga kuma titi ya fi ɗakin tudu. Daga ƙafa ya ruɓe." Yaron ya tsuguna kusa da shi ya ce: "Baba, don Allah ƙara nuna mini." Sun yi kusan awa ɗaya a wurin.

Da yamma na ce wa ƙanena ya bar yaron ya riƙa bin wannan dattijo wurin aiki a ranakun da ba shi da darasi. Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Cewa ya yi: "Yaya, ba don ya kwaɓa laka na biya masa kuɗin makaranta ba."

Ra'ayina shi ne duk ɗalibin da ke karatun gini a Maradi, daga Lise Teknik ta Ɗan Kasawa har zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya kamata ya gina ko ya gyara ɗakin talaka da hannunsa kafin ya karɓi takardar shaida. Ya kamata aikin ya shiga cikin manhajar karatu, a yi shi da rani, ƙarƙashin idon malami da na ƙwararren magini, a kuma ba da maki a kansa kamar yadda ake bayarwa a kan lissafi. Sauran ɗalibai na fannonin noma da likitanci da kimiyya a buɗe musu ƙofa su shigo don sa kai.

Buƙatar a fili take

Mutumin Maradi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan ruwa da gida. Garin da muke zaune a cikinsa kansa ambaliya ce ta haife shi, tun da ruwan Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945 aka hauro kan tudu. A ƙarshen watan Agusta na 2024 an yi ruwan da ya kai milimita 150 cikin minti 90 a cikin gari, mutum 15 suka rasu a wannan ruwan kaɗai. A Nijar baki ɗaya damanar shekarar ta ci rayuka kusan 400, ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun rushe ko sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli.

A irin wannan lokaci ɗalibanmu kan fito, suna tara tufafi da shinkafa da tabarmi suna kai wa mutane, kuma Allah ya saka musu. Abin da ke damuna shi ne bayan an ɗauke ruwa mai gida yakan tayar da ɗakinsa a wuri ɗaya, da ƙasa ɗaya, da kuskure ɗaya, saboda abin da ya iya ke nan kuma abin da aljihunsa ya ɗauka ke nan. Ilimin da zai hana ɗakin sake faɗuwa yana cikin garin nan, rabi a littattafan ɗalibai, rabi a hannun magina, kuma ɓangarorin biyu ba sa haɗuwa.

A wasu ƙasashe an daɗe da haɗa su. Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda Millard da Linda Fuller suka kafa a jihar Jojiya ta Amurka a 1976 bayan sun yi shekara uku suna gwada tsarin a garin Mbandaka na ƙasar Zayar, tana gina gida da hannun masu sa kai, ciki har da ɗaliban jami'a masu yawa. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Rural Studio na Jami'ar Auburn da ke Alabama, wanda Samuel Mockbee da D. K. Ruth suka fara a 1993. A can ɗaliban zanen gini kan bar harabar jami'a su koma zama a wani yanki na matalauta, su zana gida su gina shi da kansu, kuma wannan aikin shi ne darasinsu na shekarar.

"Ba don ya kwaɓa laka na kai shi makaranta ba"

Ban raina maganar ƙanena ba. Uban da ya yi noma ko dako ya biya wa ɗansa makaranta, burinsa ɗan ya huta da irin wahalar da shi ya sha, kuma a idon mutane da yawa alamar an yi karatu ita ce ofis da tufafi masu tsabta. Sai dai wannan tunani yana cutar da yaron da ake so a kare.

Injiniyan da bai taɓa kwaɓa siminti ba, ranar da aka ba shi duban aikin aji ko asibiti, ɗan kwangila zai zuba masa bulo mai yashi da yawa da siminti kaɗan a gabansa, shi kuwa ba zai gane ba sai bayan ya sa hannu a takarda. Wanda ya taɓa buga bulo da kansa, da ya murza gefen guda ɗaya da babban yatsa ya san abin da aka yi. Ba mu yarda a bai wa likita mara lafiya ba sai ya shekara yana bin manyansa a asibiti yana taɓa jiki. Rufin da ya faɗo a kan mutane cikin dare yana kisa kamar maganin da aka rubuta bisa kuskure.

Akwai kuma abubuwan da littafi ba zai koyar ba, musamman da yake yawancin littattafan a ƙasashen da ba a zaman ɗakin ƙasa aka rubuta su. Littafi ba zai nuna wa yaro yadda ake ƙara wa rufin soro ƙasa kowace shekara har nauyi ya fi ƙarfin azara ba, ko yadda gara ke cin azarar ta ciki alhali wajenta lafiya lau. Ba zai nuna masa yadda mai gida kan yi wa bangon laka yaɓen siminti don ya kare shi, sai simintin ya riƙe danshi a ciki, ya ɓamɓaro ya tafi da rabin bangon ba. Ba zai gaya masa cewa a tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo titi yana ƙara tudu da yashi da shara shekara bayan shekara, har ɗaki ya koma kamar rami ba. Magini ya san waɗannan duka.

Shi ma ɗalibin yana da abin da zai kawo. Ya san yadda ake auna gangaren fili a gane inda ruwa zai bi. Ya san yadda ake zuba ƙasa a kwalba da ruwa a girgiza a bar ta ta kwanta, a ga yawan yashi da yawan yumɓu kafin a yi tubali da ita. Ya san bulon ƙasa da ake matsewa da injin hannu bayan an haɗa masa siminti kaɗan, abin da bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, kuma ya san dalilin da ya sa dole a rufe shi a riƙa yayyafa masa ruwa kafin ya yi ƙwari. Ya iya lissafin kuɗin tushen dutse da siminti wanda zai ɗaga bango daga danshi, don mai gida ya san inda ya fi dacewa ya kashe ɗan abin da yake da shi.

Wanda ke ganin laka tana rage darajar mai ilimi ya dubi maƙwabtanmu. Francis Kéré yana ɗalibi a Balin ta Jamus ya tara kuɗi ya koma ƙauyensu Gando a Burkina Faso, ya gina makarantar firamare da bulon ƙasa tare da mutanen garin, aka gama a 2001, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini. A nan gida Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 da bulon ƙasa a Yamai, ta kuma yi masallaci da ɗakin karatu a Dandaji cikin jihar Tawa. Kafin su duka, masallacin laka na garin Yama da magini Falke Barmu ya gina ya karɓi kyautar zanen gini ta Aga Khan a 1986.

Me ya sa ba za a bar shi ya zama sa kai na lokacin hutu ba?

Wannan ita ce tambayar da malamai za su fara yi, domin manhaja cike take kuma shekarar karatu kan zo da jinkiri. A Amurka ɗalibai da yawa a lokacin hutu suke zuwa ginin Habitat, to me zai hana mu yi haka?

Kalandarmu ce ta hana. Babban hutun makarantunmu yana faɗawa ne daga Yuli zuwa Satumba, wato tsakiyar damana. Ba a yin tubali da damana, ba a ɗora bangon laka ana tsoron hadari, kuma a lokacin yawancin ɗaliban sun koma gona a Madarumfa ko Dakoro ko Tasawa suna taya iyayensu noma, wanda shi ma wajibi ne. Lokacin gini a ƙasar Hausa daga bayan kaka ne zuwa kafin bazara, kuma a daidai wannan lokaci ɗalibi yana cikin aji. Idan ba a ware masa lokaci a cikin shekarar karatu ba, to ba za a yi aikin ba sam.

Dalili na biyu shi ne sa kai zalla ba ya daɗewa a kan aikin da ke ɗaukar makonni. Ranar farko mutum hamsin za su zo da riguna iri ɗaya a ɗauki hoto a sa a Facebook, mako na uku kuwa, lokacin da aiki ya kai wurin rufi kuma jarrabawa ta matso, sai a ga mutum biyar. Wannan ba laifin matasa ba ne, kowa ma abin da za a tambaye shi a kansa yake fara yi. Ɗakin da aka bari a rabi ya fi wanda ba a fara ba muni, domin mai shi ya riga ya rushe tsohon. Idan akwai maki, akwai malamin da ke da alhakin aikin, akwai ranar miƙawa, to za a kai ƙarshe.

Ina kuma so makin ya kasu biyu. Rabi a bayar ranar da aka gama, rabi kuma bayan damana ta wuce, lokacin da ɗalibin ya koma ya duba bangon ya rubuta abin da ruwa ya yi masa, ya kuma zauna da matar gidan ya ji ko ɗakin yana zafi ko yana yoyo.

Abincin magina

Wani abokina magini ya ce mini: "Malam, idan yara suka zo suna gini kyauta, mu kuma me za mu ci?" Tambaya ce mai kyau, amma gidajen da nake magana a kansu ba su taɓa zama kasuwar magini ba. Dattijuwar nan ba ta da kuɗin ɗaukar ko lebura ɗaya. A tsarin da nake so kuwa magini shi ne malami a filin aiki, a biya shi ladansa cikakke, a rubuta sunansa a rahoton ɗalibi. Gini a wurinmu sana'a ce mai shugabanci da ladabi, tun zamanin da ake naɗa Sarkin Magina, kuma ya dace yaron jami'a ya shiga ƙarƙashinta a matsayin almajiri.

Ɗakin talaka ya zama wurin gwaji?

Wannan ita ce suka mafi nauyi a wurina, kuma duk wanda ya yi ta ya yi gaskiya. Mai kuɗi ba zai ba ɗan koyo gidansa ba. Idan talaka ya yarda, rashin zaɓi ne ya sa, kuma bai halatta a ci moriyar rashin zaɓinsa ba. Ɗalibi mai ɗokin sabon abu zai so ya gwada rufin da ya gani a intanet, alhali wadda za ta kwana a ƙarƙashinsa da jikokinta ba ta san gwaji ake yi da ita ba.

Saboda haka dole a kafa iyaka tun farko. Duk sabon abu a fara gwada shi a harabar makaranta, ya sha damana ɗaya ko biyu, kafin a kai shi unguwa. A unguwa a tsaya ga abin da aka riga aka tabbatar: tushe mai kyau, ɗaga ƙasan ɗaki sama da titi, indararo mai tsawo da wurin da ruwansa zai bi, rufi marar nauyi ko kuma rufin ƙubba da baka wanda ba ya buƙatar itace. Shi ma wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne a Nijar, tun farkon shekarun 1980 ake koyar da ginin da ba katako a yankin Filinge, kuma magina da yawa sun koye shi. Kowane ɗaki ya zama akwai injiniya mai shaida da ya sa hannu a zanensa, wanda za a nema idan wani abu ya faru.

Mai gidan kuma a tambaye shi kafin a ja layi ko ɗaya. Ɗalibi zai iya zana taga babba mai kallon titi don iska, bai tuna cewa gidan na matan aure ne masu buƙatar sutura ba. Zai iya manta inda za a ɗaure akuya, da inda ake girki, da ɗakin da tsohuwa ke sayar da ƙuli-ƙuli ta taga. Koyon sauraron mai gida rabin sana'ar ne, kuma a aji babu mai gidan da za a saurara.

Kuɗi, da wanda za a gina wa

Hannun ɗalibi kyauta ne, amma siminti da kwano da ƙofa sai an saya. Ban ga dalilin da zai sa a jira ƙungiyoyin waje ba. Maradi cibiyar kasuwancin ƙasar nan ce, kuma alhazanta sun saba gina masallatai da rijiyoyi don neman lada. Malamai su tuna musu cewa rufin da zai kare marayu daga ruwa shi ma sadaka ce mai gudana. Ma'aikatar magajin gari na iya ba da motar yashi da dutse.

Daga tsarin Habitat akwai abu ɗaya da ya kamata mu ɗauka, wanda a gaskiya namu ne tun asali. A can ba a miƙa gida kyauta. Iyalin da za su zauna a ciki sai sun zuba guminsu na awoyi masu yawa a ginin, sannan su biya kuɗin a hankali, kuma tun farkon kafa ƙungiyar an tsara bashin babu riba babu kuɗin ruwa. Gayya ke nan aka haɗa da adashi. Wanda ya ɗebi ruwan kwaɓi ya miƙa tubali ya san yadda aka yi bangonsa, zai kuma iya gyara shi ba tare da ya jira kowa ba. Tsohuwa da ba ta iya ɗaukar kaya, maƙwabta da samarin unguwa su tsaya mata.

Wurin da rigima za ta taso shi ne zaɓen gida. Idan aka bar shi a hannun mutum ɗaya, ƴan uwansa da ƴan siyasarsa ne za su fara samu. A haɗa mai unguwa da liman da wakiliyar mata, a karanta sunaye a bainar jama'a. A kuma binciki takardar fili, domin da yawa daga waɗanda ɗakinsu ke faɗuwa ƴan haya ne ko masu zaman aro, kuma idan aka gyara ɗakin ba tare da yarjejeniya a rubuce ba, mai gida zai iya ƙara kuɗin haya ya kori wanda aka yi aikin dominsa.

Su ma ɗaliban talakawa ne

Wani zai ce yaron da ke jiran alawus wata da watanni, wanda shi kansa a cunkushe yake kwana da abokai biyar a ɗakin haya, ta yaya za a ce ya je ya gina wa wani? Dattawa kuma za su tuna zamanin Seyni Kountché, lokacin da ƙungiyar matasa ta Samariya ta gina azuzuwa da yawa da aikin gayya, amma ta kasance kuma hannun gwamnati a cikin unguwanni, har wasu ba sa iya cewa a'a.

Na yarda da wannan gargaɗi. Bai kamata gwamnati ta fake da gumin ɗalibai ta sauke nauyin magudanan ruwa da rabon filaye da ke kanta ba, domin ɗaki ɗari da ɗalibai za su gyara ba zai maye gurbin kwalbati ɗaya da ya toshe ba. Ɗalibin da ya fita aiki a ba shi abincin rana da kuɗin kabu-kabu da takalmi da safar hannu, a kuma ɗauki nauyin maganinsa idan ya ji ciwo. Ƙungiyar ɗalibai ta USN ta zauna a teburin da ake tsara abin tun ranar farko. Wajabcin ya tsaya a kan ɗaliban gini kaɗai, saboda su darasinsu ne, kuma su ne za su fi kowa cin moriyarsa ranar da suka fita neman aiki suna iya nuna ɗakin da suka gina yana tsaye.

Ba sai an fara da babban shiri ba. Aji ɗaya, unguwa ɗaya, ɗakuna goma a rani ɗaya sun isa a ga inda tsarin ke da rauni. Ɗan ƙanena dai, ba da cikakkiyar yardar mahaifinsa ba, ya bi tsohon maginin nan Asabar da Lahadi har suka tayar da ɗakin maƙwabciyata tare da samarin unguwa. Shi ya auna gangaren tsakar gidan ya dage a juya ruwan zuwa bakin titi, dattijon kuma ya sa aka ɗaga ƙasan ɗakin aka sa indararo mai tsawo. Makarantarsa ba ta san ya yi wannan aiki ba, babu kuma inda aka rubuta masa shi, kuma sauran ƴan ajinsa za su karɓi takarda iri ɗaya da tasa.